Darasi na 7: Shimfiɗun Ƙasa, Burbushin Halittu da Tarihin Yanayin Duniya

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana son mai koyo ya iya:

1. bayyana yadda jerin shimfiɗun ƙasa ke nuna abin da ya riga wani faruwa;
2. yin lissafin shekaru mai sauƙi da kabon-14, ya kuma faɗi inda wannan hanya take tsayawa;
3. ba da labarin yadda yanayin Sahara da tafkin Chadi ya sauya cikin shekara 20,000 da suka wuce;
4. auna ƙarfin shakkun da ake kawowa kan waɗannan shekaru.

1. Me ya sa ake neman shekaru?

Farin hazon da kan lulluɓe Kano da Damagaram da Maiduguri a lokacin hunturu, kaso mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga wani kwari da ke arewacin Chadi mai suna Bodele. Idan aka ɗebi farar ƙasar wurin aka duba ta da madubin ƙara girma, sai a ga ashe yawancinta tarin ɓawo ne na wasu 'yan mitsi-mitsin halittu waɗanda ba sa rayuwa sai a cikin ruwa. Ke nan inda yau babu ko ɗigon ruwa, a da ƙasan tafki ne. Wannan ba ya buƙatar dogon musu, ido ma ya isa. Tambaya mai wuya ita ce: yaushe? Idan tafkin ya ƙafe shekara 500 da suka wuce, dalilinsa daban. Idan shekara 5,000 ne, daban. Idan miliyan 5 ne, to ba ma zancen mutane ake yi ba. Ƙashin kifin da aka tsinta a tsakiyar hamada abin kallo ne kawai, sai ranar da aka san shekarunsa sannan ya shiga tarihi, domin a lokacin ne za a iya jera shi kusa da abin da ya faru a wasu wurare a ga wanne ya jawo wanne.

Abin da wannan darasi zai tsaya a kai shi ne: duk wata hanyar auna shekaru tana da rauninta, amma raunin kowace daban yake da na 'yar'uwarta. Saboda haka idan hanyoyin da ba su dogara da juna ba suka kai ga amsa ɗaya, hankali yana da dalilin karɓa. Wannan aiki ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Alamu ne da aka bari a ƙasa, ake aunawa, ake ƙirgawa. Sai dai a lura, "kwanan nan" a bakin masana ƙasa yana da tsawo. Suna nufin kimanin shekara miliyan 2.6 na ƙarshe, zamanin da ƙanƙara ta yi ta mamaye arewacin duniya tana janyewa. Mu za mu fi tsayawa ne a ɗan guntun ƙarshensa.

> Akwatin ma'ana
> Shimfiɗa: hawa ɗaya na yashi, laka, tsakuwa ko dutse da ya kwanta a wani lokaci.
> Burbushin halitta: ragowar dabba ko tsiro na dā, ko alamarsu, da ƙasa ta adana: ƙashi, haƙori, katantanwa, garin fure, sawu.
> Yanayi: halin zafi, sanyi da ruwan sama na wani wuri na tsawon shekaru masu yawa, ba na rana ɗaya ko damina ɗaya ba.

2. Na ƙasa ya girmi na sama

Duk mai haƙar rijiya ya san ƙasa hawa-hawa ce: baƙar ƙasa a sama, sai jan yashi, sai yumɓu, wani wuri a ci karo da marmara, sannan farin yashi mai ruwa. Ƙa'idar farko ta fito ne daga nan, kuma wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Nikolas Steno ya rubuta ta a 1669: inda ba a dagula ƙasa ba, shimfiɗar ƙasa ta riga ta sama kwanciya. Maganar tana da sauƙi har ta yi kama da wasa, amma duk ginin wannan ilimi a kanta yake. Ƙa'ida ta biyu kuma ita ce, kowace shimfiɗa tana ɗauke da alamar wurin da ta kwanta. Ruwa mai gudu yakan bar tsakuwa mai santsi, tafki mai natsuwa yakan bar laka mai laushi, iska takan bar yashi mai ƙwaya kusan girma ɗaya, tafkin da ke ƙafewa kuma yakan bar gishiri ko kanwa.

*Misali na 1.* A ce an yanka tsohon jujin unguwa domin a yi gini. A hawa na sama an ga katin waya da aka kankare, a tsakiya an ga kwabo na kuɗin naira, a can ƙasa kuma an ga sulai na zamanin fam. An fara amfani da naira a 1973, wayar salula ta GSM kuma ta shigo Najeriya a 2001. Saboda haka hawan da ke da katin waya ba zai girmi 2001 ba, na tsakiya ba zai girmi 1973 ba. Amma a kula da tarkon da ke nan: samun sule a wani hawa ba ya tabbatar da cewa hawan ya girmi 1973, don wani na iya ajiye tsohon kuɗi shekara ashirin kafin ya yar. Abu mafi sabunta a cikin shimfiɗa shi ke yanke hukunci. Haka masana suke yi da burbushin halittun da suka rayu na ɗan lokaci suka ɓace: ganinsu a wurare biyu masu nisa yana nuna shimfiɗun biyu tsara ne.

Rauninta a fili yake. Gara da ɓeraye da saiwar itace suna cakuɗa ƙasa. Wanda ya haƙa kabari ya sa sabon abu cikin tsohuwar shimfiɗa. Iska ko ambaliya na iya kwashe hawa guda ɗungurungum, a rasa shekara dubbai ba tare da an bar wata alama mai ƙarfi ba. Mafi girma duka, jerin shimfiɗu yana faɗin wane ne babba, amma ba ya faɗin da shekara nawa ya girma.

> Akwatin ma'ana
> Shekarun jeri: sanin abin da ya riga wani, ba tare da adadi ba.
> Shekarun adadi: sanin yawan shekarun abu da lamba, tare da faɗin iyakar kuskuren da ke cikin awon.

3. Kabon-14

Jikin kowane mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon, wanda shi ne baƙin da ake gani a gawayi. Kusan duk kabon na duniya zaunanne ne, ba ya sauyawa. Amma akwai wani ɗan nau'i kaɗan ƙwarai, kabon-14, da ake samarwa a can saman sararin samaniya idan haskoki masu ƙarfi daga wajen duniya suka bugi iskar naitirojin. Tsiro yana shaƙarsa daga iska, dabba ta ci tsiro, mutum ya ci duka biyun. Muddin halitta tana raye, tana sabunta abin da ke jikinta. Ranar da ta mutu shiga ta tsaya, wanda ke ciki kuma ya fara rikiɗewa yana komawa naitirojin a kan wani ma'auni da ba ya sauri ba ya jinkiri: duk shekara 5,730, rabin abin da ya rage yana tafiya. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Willard Libby, shi ya mayar da wannan hanyar auna shekaru a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960.

> Akwatin ma'ana
> Zangon rabi: tsawon lokacin da rabin sinadari mai rikiɗewa ke ɗauka kafin ya juye zuwa wani abu. Na kabon-14 shekara 5,730 ne.

*Misali na 2.* An auna wani gawayi daga tsohon murhu, an tarar saura kashi 25 cikin 100 na kabon-14 ɗinsa. Daga 100 zuwa 50 zango ɗaya, daga 50 zuwa 25 zango na biyu. Zango 2 sau 5,730 ya ba da shekara 11,460. Da saura kashi 12.5 ne, da zango 3 ke nan, wato shekara 17,190. Idan aka ci gaba da rabawa har sau 9, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 500 ba, kuma ɗan dattin zamani kaɗan ya isa ya ɓata awon. Shi ya sa wannan hanya take tsayawa a wajen shekara 50,000. Ƙasusuwan manyan dabbobin dā da ake tonowa a Gadufawa cikin Nijar, masu kimanin shekara miliyan 110, ko burbushin halittun teku da ke cikin farar ƙasar Kalambaina ta Sakkwato, kabon-14 ba shi da abin cewa a kansu. Irin waɗannan ana neman shekarunsu ne da sinadarai masu dogon zango, kamar fotasiyam da yuraniyam da ke cikin duwatsun aman wuta, da kuma kwatanta burbushinsu da na wuraren da aka riga aka auna.

Ga yadda aikin yake a zahiri. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone wurin a 1994: kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungume guda, tsawonsa ya haura mita 8. An aika guntayensa ɗakunan gwaji biyu a Jamus. Ɗaya ya ba da kimanin 7,260, ɗayan kimanin 7,670, kowanne da 'yar tazarar kuskure a gefensa. Bayan gyaran da za mu yi bayani a gaba, shekarun kwalekwalen sun faɗa tsakanin 8,000 da 8,500, wanda ya sa shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka sani a Afirka. Mai gaggawa zai ce ai lambobin biyu ba su yi daidai ba. Gaskiya ne, kuma akwai dalilan da kan jawo haka, ciki har da cewa tsakiyar babban itace ya girmi bayansa da shekaru masu yawa. Amma a dubi girman saɓanin: shekara ɗari huɗu cikin dubu takwas. Babu wanda ya ce dubu ɗaya, babu wanda ya ce dubu ashirin.

4. Inda babu gawayi ko ƙashi

Tudun yashi sau da yawa ba shi da komai na mai rai a cikinsa. A nan ana tambayar yashin kansa. Ƙwayar yashi da aka binne tana tara wani ɗan ƙarfi daga haskokin da ƙasar da ke kewaye da ita ke fitarwa a hankali, hasken rana kuma yana goge abin da ta tara. Masu bincike sukan kafa bututu a jikin tudu su ɗebi yashi ba tare da rana ta gan shi ba, su buɗe shi a ɗaki mai duhu, su haska shi, su auna ɗan hasken da ya mayar. Yawan hasken, idan aka raba shi da abin da ƙasar wurin ke bayarwa a shekara, yana nuna yaushe rabon wannan yashi da ganin rana. Hanyar tana wuce shekara 100,000, kuma ba ruwanta da kabon ko kaɗan.

Akwai kuma ƙirge tsagwaronsa. Itatuwan ƙasashe masu sanyi suna ƙara zobe ɗaya a jikinsu kowace shekara, kuma ta hanyar haɗa tsofaffin katakai an sami jeri marar yankewa na fiye da shekara 12,000. Wasu tafkuna masu zurfi suna ajiye siririyar shimfiɗa mai haske da mai duhu duk shekara. Ƙanƙarar Girinlan da Antatika ma hawa-hawa take, tana kuma kulle 'yan kumfar iskar zamanin da ta zuba. Sandar ƙanƙarar da Turawa suka haƙo a Antatika ta kai shekara 800,000 baya. Waɗannan su ke ba da shekaru. Yanayin kuma ana karanta shi daga abin da ke cikin shimfiɗar: garin fure, irin bununin gero, ba ya ruɓewa cikin laka, kuma na kowane tsiro da siffarsa, don haka yana faɗin ko daji ne ko ciyawa ko hamada, ɓawon halittun ruwa yana faɗin ko ruwan daɗi ne ko na gishiri, yawan ƙura yana faɗin bushewa.

*Misali na 3.* A ce an zaro sandar laka mai tsawon mita 4 daga ƙasan tafki. Ganyen da ke zurfin mita 1 ya ba da shekara 2,000, na mita 3 ya ba da 6,000. Mita 2 ke nan cikin shekara 4,000, wato mita 1 duk shekara 2,000. Idan garin furen itatuwa ya ɓace a zurfin mita 2.5, to abin ya faru wajen shekara 5,000 da suka wuce. Wannan lissafi ya ɗauka laka ta taru da sauri ɗaya, abin da ba kullum yake zama gaskiya ba, don haka mai bincike na ƙwarai yakan auna wurare da yawa a jikin sanda guda.

5. Labarin da shekarun suka bayar

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da Kanada, ruwan teku ya yi ƙasa da na yau da kusan mita 120. A wajenmu ba ƙanƙara aka yi ba, fari aka yi. Bakin Sahara ya gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita, tafkin Chadi ya ƙafe ko ya kusa. Dogayen tuddan yashin da ke kwance a ƙasar Hausa da Yobe, waɗanda yau ake noma gero da gyaɗa a kansu, iska ce ta jera su a lokutan bushewa irin wannan. Daga nan al'amari ya juya. Daga wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina ta yi ƙarfi ta kutsa can cikin Sahara. Tafkin Chadi ya cika ya haɗe da kwarin Bodele, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, wato fiye da sulusin Najeriya, alhali a shekarun 1960, lokacin da ake ganin ya cika, bai wuce 25,000 ba. Tsohuwar gaɓarsa tana nan: dogon tudun yashin da ya ratsa Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru. Kwalekwalen Dufuna ɗan wannan zamani ne.

A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, wata tawaga ƙarƙashin Paul Sereno ta gano maƙabarta a shekarar 2000, mai kaburbura kusan 200 a gefen wani tafki da ya mutu. Tare da mutanen akwai ƙasusuwan giwan ruwa, kada, dorina da kunkuru, da masun kamun kifi na ƙashi. Awon shekaru ya nuna al'umma biyu ne suka zauna a wurin: ta farko daga wajen shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce, ta biyu daga wajen 7,200 zuwa 4,500. Tsakaninsu akwai kusan shekara dubu da wurin ya bushe aka watse. Wannan giɓi shi ne abin lura. Da ido kawai aka bi, da an ce maƙabarta ɗaya ce ta mutane ɗaya. Shekarun ne suka raba su, suka kuma nuna cewa zamanin ni'imar kansa ba miƙaƙƙe ba ne.

Sanin lokacin ne ya buɗe ƙofar sanin dalili. Duniya tana layi a hankali a kan sandar juyawarta, lokacin da ta fi kusantar rana kuma yana zagaya watannin shekara sau ɗaya cikin kimanin shekara 21,000, kuma masana taurari suna iya lissafa wannan ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Lissafin ya nuna cewa wajen shekara 10,000 da suka wuce, duniya takan fi kusantar rana ne a lokacin bazara da daminar arewa, akasin yau da take fi kusa a watan Janairu. Ƙasar Afirka ta arewa ta sami ƙarin zafin rana na kusan kashi 7 cikin 100 a wannan lokaci na shekara, zafin ya ƙara jawo iska mai laima daga tekun Atilantika, ciyawa da tafkunan da suka samu kuma suka ƙara riƙe laimar. Lissafin sama da awon ƙasa sun haɗu a lokaci ɗaya, alhali ba ɗaya da ya ari lamba daga ɗaya.

6. Shakku da amsoshinsu

Shakka ta farko: wa ya tabbatar kabon-14 bai taɓa sauya saurinsa ba? An gwada sinadarai masu rikiɗewa da zafi da sanyi da matsi, saurin bai motsa yadda zai ɓata lissafi ba. Libby kansa ya fara gwada hanyarsa ne a kan abubuwan da aka riga aka san shekarunsu, ciki har da katako daga kaburburan sarakunan Masar. Amma mai shakka yana da rabin gaskiya, sai dai ba a inda ya nuna ba. Abin da ya sauya shi ne yawan kabon-14 da ke cikin iska daga zamani zuwa zamani. An gano haka ne da aka auna zoben itatuwan da aka ƙirga shekarunsu ɗaya bayan ɗaya, aka ga kabon yana rage wa tsofaffin abubuwa shekaru. Daga nan aka gina jadawalin gyara, wanda shi ya mayar da 7,260 na Dufuna zuwa sama da 8,000. Akwai wani kuskuren kuma da ya shafi yankinmu kai tsaye: katantanwar da ta rayu a ruwan da ya ratso farar ƙasa takan sha tsohon kabon, sai ta nuna ta girmi shekarunta. Shi ya sa ake fifita gawayi da iri da ganye, ake kuma gwada tsohuwar gaɓar tafki da awon yashi. Alƙali ma ya fi natsuwa da shaidu biyu da ba su san juna ba a kan goma da suka kwana ɗaki ɗaya.

Shakka ta biyu ta fi nauyi: masanan da kansu suna saɓani. Haka ne. A shekarar 2000, binciken lakar ƙasan teku a gaɓar Muritaniya ya nuna ƙurar Sahara ta ƙaru farat ɗaya wajen shekara 5,500 da suka wuce, aka ce hamada ta dawo cikin 'yan ƙarnuka. A 2008 binciken tafkin Yowa da ke Unyanga a arewacin Chadi ya nuna wani abu daban: tsirrai sun ja baya a hankali, ruwan tafkin ya koma na gishiri tsakanin shekara 4,200 da 3,900 da suka wuce, hamada sosai ba ta kafu a wurin ba sai wajen 2,700. Awon yashin gaɓar babban tafkin Chadi ya nuna ya sauka da sauri wajen shekara 5,000, amma ruwa bai gama barin Bodele ba sai kimanin shekara 1,000 da suka wuce. Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi a Gana kuma ya nuna laima ta daɗe a kudu fiye da arewa. A ganina wannan saɓani ƙarfi ne ga ilimin. Ba wanda ke musun cewa Sahara ta yi kore ta bushe, ba kuma wanda ya kai abin shekara 50,000. Gardamar a kan sauri ce da wuri, kuma idan aka jera sakamakon a taswira, abin da ya fi dacewa da su shi ne damina ta janye daga arewa zuwa kudu, kowane wuri da lokacinsa. Wanda ya ɗauki sanda ɗaya ya yi wa nahiya guda hukunci, shi ne ya yi kuskure.

Shakka ta uku ita ce wadda aka fi ji a yau: tunda yanayi ya saba sauyawa da kansa, me ya sa za a ɗora wa mutane ɗumamar yanzu? Amsar tana cikin shimfiɗun nan. Kumfar iskar Antatika ta nuna cewa cikin shekara 800,000, iskar kabon dayoksaid tana kai-komo ne tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan, kuma hawanta yakan ɗauki dubban shekaru. Yau ta haura 420, mafi yawan ƙarin kuma cikin ƙarni ɗaya da rabi ya zo. Layin duniya a kan sandarta ba ya aiki da wannan sauri. Sannan kabon-14 da kansa ya ba da shaida: man fetur da kwal sun tsufa har ba sauran kabon-14 a cikinsu, don haka idan hayaƙinsu ne ke cika iska, dole kason kabon-14 na iska ya ragu. Hans Suess ya auna wannan raguwa a zoben itatuwa tun 1955. Sauyin dā yana da dalilinsa, na yau ma yana da nasa, kuma awo ne ya bambanta su.

Tambayoyin bita

1. Faɗi ƙa'idar Steno da kalmominka, ka kawo abubuwa biyu da ke iya dagula jerin shimfiɗu.
2. Mene ne bambancin shekarun jeri da shekarun adadi?
3. A wani hawa na juji an sami sule da katin waya tare. Wanne ne zai nuna shekarun hawan, kuma don me?
4. An tarar saura kashi 50 cikin 100 na kabon-14 a wani ƙashi. Shekarunsa nawa? In da kashi 6.25 ne fa?
5. Me ya sa ba a auna ƙasusuwan Gadufawa da kabon-14?
6. A Misali na 3, shekara nawa za ka ba lakar da ke zurfin mita 2? Wane zato ka yi kafin ka sami amsar?
7. Me giɓin shekara dubu na Gobero ya nuna game da zamanin da Sahara take kore?
8. Wani ya ce maka, "Tunda masana sun saɓa kan lokacin da Sahara ta bushe, duk maganar ƙarya ce." Rubuta amsarka cikin jimla biyar.

Aikin gida: Ku nemi mai haƙar rijiya ko mai ɗiban ƙasar gini a garinku, ku roƙe shi ya lissafa muku irin ƙasar da yake tararwa daga sama har ƙasa, da zurfin kowace. Ku zana jerin a takarda, ku rubuta a gefen kowace shimfiɗa ko ruwa ne ko iska kuke zaton ya kwantar da ita, ku zo da shi aji na gaba. Kada kowa ya shiga rami ko rijiya don wannan aiki.